Jan Layi a Jikin Gora

Teburina yana kusurwar maɗaba'ar Kawu, tsakanin injin yankan takarda da tagar da ba ta buɗuwa. Shekara biyu ke nan ina zaune a wurin. Ba ma'aikaciyarsa ba ce ni, ko da yake duk wanda ya shigo haka yake ɗauka. Kawu yayan mahaifiyata ne. Shagon nasa ne, injinan nasa ne, wutar da nake jona kwamfutata ma tasa ce. Ni nawa zane ne: in tsara, in miƙa wa Dogo mai inji, ya buga. Da na gama makaranta ba ni da inda zan ajiye ko kujera, shi ya share min wannan kusurwa ya ce, "Uwata, zauna nan, duk mai son zane zan turo miki." Uwata yake ce min saboda sunan mahaifiyarsu aka sa min. Ya kuma cika alkawari. In ka ga mutum goma a gaban teburina, tara ta ƙofar Kawu suka shigo.

Abu ɗaya ne ke haɗa ni da mutanen layinmu. Shagunan buga takardu sun kai ashirin a jere, kuma a cikin kowanne za ka tarar da mai zane ya sunkuyar da kai, mai kaya yana tsaye a bayansa yana nuna allon kwamfuta da makullin mota. Ƙara girman nan. Matsa hagu. Sa ja. A'a, mayar da shi. Mai zanen ba ya cewa uffan, hannu ne kawai aka ara. In ka tambaye shi dalilin da fuskar mutum ta baje a fosta kamar an zauna a kanta, sai ya ce haka mai kaya ya so. Shekara huɗu mutum ya yi yana koyon yadda ido ke tafiya a kan takarda, sannan ya zo ya zama yatsan wani. Na faɗi haka sau da yawa, da ƙarfi, shi ya sa Dogo ya raɗa min Farfesa.

Ranar Litinin da hantsi Alhaji mai sabulu ya shigo. Shekara goma sha shida yana buga takardun kayansa a wurin Kawu, kuma in ya kawo aiki inji kan kwana biyu bai huta ba. Ya dire wata gora a teburina. Gorar roba ce ta rabin lita mai siririn wuya, irin wadda ake zuba lemo a ciki, ruwan cikinta kuma kalar lemon zaƙi sak. Na buɗe murfin na kai hanci. Ƙamshin lemo ne ya fara zuwa, sannan wani abu ya biyo bayansa ya soke ni har idona ya kawo ruwa.

"A hankali, 'yata," in ji shi. "Sabon ruwan wanke masai ne na haɗa. Asid ne a ciki, kada ki bari ya taɓa miki hannu. Ko tsatsar shekara goma ce sai ya cinye ta. Lebul nake so ki zana min, takardar da za a manna a jiki. Dubu goma za a buga, ranar Alhamis."

"Me ya sa gorar lemo, Alhaji?"

"Ita ce da yawa a kasuwa. Ke dai zana."

Kwana biyu na yi a kai. Sunan kayan da hannu na zana shi, harafi bayan harafi, har ya zauna kamar an sassaƙa. Na yi ƙasan lebul ɗin shuɗi mai duhu don ya rufe kalar ruwan, na sa hoton masai fari tas a tsakiya. Daga ƙasa na ja jan layi mai faɗin yatsa uku wanda zai zagaye gorar gaba ɗaya, ta yadda duk inda ka juya ta za ka ga an rubuta GUBA NE, KADA A SHA, A NESANTA DA YARA. Na sa alamar ƙoƙon kai, da kofi da aka soke, saboda wanda bai iya karatu ba shi ma yana da maƙogwaro.

Ranar Laraba Alhaji ya dawo, ya tsaya a bayana, ya zaro makullin mota.

"Sunan nan ya yi kyau. Kai, ya yi kyau. Kada ki taɓa shi." Makullin ya sauko ƙasa. "Wannan kuma ƙoƙon kan wane ne?"

"Na wanda ya sha ne, Alhaji."

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya daga bayan inji. Alhaji bai yi ba.

"Ni kaya nake sayarwa, 'yata, ba maƙabarta na buɗe ba. Cire shi. Cire shuɗin nan, sa fari da ruwan lemo. Cire masan, wa ke son ganin masai a kan kantar shago? Ki sa lemo an raba shi biyu, da ɗigon ruwa a jiki, mutum ya gani ya ji sanyi a ransa. Hotona a sama, lambobin wayata uku a ƙasa. Gargaɗin kuma a rubuta, ban hana ba, amma ƙanana, can baya wajen da takardar ke haɗewa."

Na juyo da kujerata na fuskance shi, abin da masu zanen layinmu ba sa yi.

"Hotonka zai shiga. Lambobin ma za su shiga, ko biyar ne. Shuɗin zan iya sassauta shi. Amma ba zan sa lemo a jikin asid ba, kuma jan layin nan ba zai ragu ba."

"Kayan waye?"

"Naka ne."

"To?"

"Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, Alhaji. Kai da kanka ka ce kada ya taɓa min hannu. Ga gorar lemo, ga kalar lemo, ga ƙamshin lemo, sannan in ɗora hoton lemo. Wanda zai ɗauke ta a gida ba za ka kasance kusa da shi ka ce a hankali ba."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya mayar da makulli aljihu, ya wuce ofishin Kawu. Bayan minti goma ya fito ya tafi ko sallama babu. Sai Kawu ya leƙo ya yafito ni.

Ofishin Kawu ɗan akurki ne mai ƙofar gilashi, takardu jibge har saman kabad. Bai ce in zauna ba.

"Uwata, ba Dogo fayil ɗin."

Kowane zane nawa fayil biyu gare shi. Akwai buɗaɗɗe, wanda nake aiki a kai, inda suna daban, hoto daban, jan layi daban, duk wanda ya same shi zai iya ja, ya rage, ya goge. Akwai rufaffe, wanda aka haɗe komai ya zama hoto guda, sai dai a buga shi yadda yake. Rufaffe nake ba Dogo kullum. Kawu ya san bambancin sarai.

"Wanne?"

"Kin san wanda nake nufi. Alhaji sunan nan yake so, Dogo ba zai iya zana irinsa ba. Ki ba shi, shi ya gyara sauran. Hannunki ba ya ciki."

"Sunan da na zana yana ciki, Kawu."

"Wa ya san ke kika zana? Ana sa hannu a lebul ne?" Ya cire tabarau ya murza ido. "Mutum bakwai ne ke ci a shagon nan, ke ce ta takwas. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ba ki yi ba shago na gaba zai yi masa kafin la'asar, gorar ta shiga kasuwa dai, mu kuma mun rasa Alhaji. Me kika gyara?"

"Haka kowa yake cewa, shi ya sa shago na gaba yake yi."

"Wannan maganar makaranta ce."

"Kai ka kai ni makarantar."

Ya mayar da tabaraunsa. Sannan ya ce, a hankali, "Gobe da safe zai dawo. Ko Dogo ya samu fayil, ko in samu kusurwata. Ba zan iya riƙe ku biyu ba."

Da na koma gida Umma tana ninke wanki a kan gado. Na ba ta labarin tun daga gora har kusurwa. Ba ta daina ninkewa ba.

"Yaya ba mugu ba ne," in ji ta.

"Ban ce mugu ne ba."

"Fuskarki ta ce. To in ya kore ki ina za ki kai kwamfutar? Ɗakin nan wurin jona wuta ɗaya ne, kuma firji ne a kai. Masu kawo miki aiki kuma ta ina za su biyo, ta bayan igiyar shanya?"

"To in ba shi ke nan?"

Ta ɗaga wata riga ta ƙare mata kallo kamar amsar na jiki.

"Ni ban iya aikinku ba. Na dai san tun kina ƙarama in kika kafe sai an ɗauke ki da tabarmar. Ki dai rage baki. Gaskiyarki ba ta cika kayar da ke ba, bakinki ne."

Da na ji maganarta da safiyar Alhamis ta zo da sauƙi. Ban ji ba.

Ƙarfe tara Alhaji ya iso. Kawu ya fito, Dogo ya kashe inji, sauran ma'aikata suka yi kamar suna jera takardu. Alhaji ya ce shi bai zo dogon zance ba, yarinya ce ke ganin mutane wawaye ne, alhali babu mai hankalin da zai ɗauki ruwan wanki ya kai baki. Nan jinina ya hau.

"Mu gwada mana," na ce. "Zan yi maka naka yadda kake so, yanzu, kwafi ɗaya. Mu manna a gorar, mu ajiye a bakin ƙofa, mu tambayi mutum uku na farko da za su wuce. In mutum ɗaya cikinsu, ɗaya tak, ya ce ruwan wanke masai ne, na ba Dogo fayil. In babu, jan layi ya zauna."

"Ɗaya kika ce?"

"Ɗaya."

"Kun dai ji," in ji Alhaji, yana duban kowa.

Cikin kwata na awa na haɗa masa abin da yake so: fari da ruwan lemo, lemo an raba biyu yana raɓa, hotonsa yana murmushi, gargaɗi can baya kamar sawun tururuwa. Abin haushin, ya yi kyau. Na fitar da shi a ƙaramar firinta, na yanke, na manna. Dogo ya jawo benci bakin ƙofa ya ɗora gorar.

Na farko mai tura baro ne, gumi har gwiwar hannu. Na ce, "Malam, don Allah, me ke cikin gorar can?"

"Lemo. Sadaka ce?" Har ya miƙa hannu, Dogo ya riƙe shi.

Ta biyu wata dattijuwa ce da jakar cefane a kafaɗa. Ta tsaya ta ƙanƙance ido.

"Lemon yara ne, irin wanda jikokina ke bina da kuka in saya. Sabon fitowa ne?"

Na ce mun gode, Baba. Na dubi Alhaji, ya dubi titi. A raina na riga na gama cin nasara, har na fara tsara abin da zan faɗa.

Na uku wani siririn mutum ne mai tabarau, biro biyu a aljihun gaba, da ganinsa malamin makaranta. Na yi masa tambayar. Bai amsa daga inda yake ba. Ya tako, ya ɗauki gorar, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ɗage tabarau zuwa goshi, ya kai ta dab da hancinsa, ya bi rubutun da farce. Ban ce ba a taɓawa ba. Ban ce daga nesa ba. A cikin zafin kaina ban gindaya komai ba.

"Ruwan wanke masai ne," in ji shi. "Guba ne ma, an ce. Amma wanda ya rubuta wannan ba ya son a karanta." Ya ajiye ya wuce.

Alhaji ya tafa hannu sau ɗaya.

"To, Farfesa. Ɗaya kika ce."

"Biyun farko da sun sha, Alhaji."

"Ba a yi da ni a kan biyu ba. Ɗaya kika ce, gaban shaidu."

Kawu ya sauke numfashi kamar wanda aka ɗauke wa buhu. "Magana zarar bunu ce, Uwata. Ke kika zaro ta. Dogo, kawo filash."

Dogo ya miƙo min filash ɗin da zan kwafa masa fayil a kai, bai haɗa ido da ni ba. Na karɓa, na koma teburina, na zauna. Kowa ya biyo ni ya tsaya a bayana.

Kuskuren nawa ne, ba na kowa ba. Na ɗauki abin da ba nawa ba na sa a caca don in ji daɗin kayar da dattijo a gaban mutane. Jan layin nan ba mallakina ba ne da zan ce in an yi kaza na bayar. Na mai baro ne, da jikokin dattijuwar can, da duk wanda ba ya yawo da tabarau da biro biyu. Yanzu abu biyu ne a gabana, kuma kowanne da kunya: in cika alkawarin da bai kamata in yi ba, ko in tsaya gaban Kawu in zama mai magana biyu.

Na rufe zanen lemon da na haɗa wa Alhaji ɗazu ba tare da na adana shi ba. Na ajiye filash ɗin a kan tebur.

"Na faɗa, kun ji, ban musa ba. Amma ba zan bayar ba."

"Au," in ji Alhaji, yana duban Kawu. "Ashe 'yar taka maƙaryaciya ce."

"Yau dai haka ne, Alhaji. Ka faɗa wa duk layin, ba zan ƙaryata ka ba."

Na tashi na je bakin ƙofa, na ɓare lebul ɗin daga jikin gorar, na yayyaga shi, na miƙa masa gorarsa tsirara. Ya karɓe ta ta wuya, da yatsa biyu.

"Uwata," in ji Kawu. Muryarsa ba ta faɗa ba ce, shi ya sa ta fi ciwo. "Kada ki sa ni in yi abin da ba na so."

"Ba kai ka yi ba, Kawu. Na gode da kusurwa."

Kayan shekara biyu ba su cika jaka ɗaya ba: kwamfuta, caja, littafin kaloli, 'yar fankar tebur da na saya da kaina. Dogo ya durƙusa ya zare min waya daga bayan injin yanka, yana naɗe ta a hannunsa a hankali.

"Farfesa," ya ce ƙasa-ƙasa, "kin san zan yi masa. Sunan ba zai yi kyau kamar naki ba, amma zan yi. Ina da iyali."

"Na sani."

"Ba ki ji haushina ba?"

"Na ji mana. Ba ni wayata."

Na fito rana tana dukan titi. Jaka a kafaɗa, fanka a hannu, ban san ko dama zan yi ko hagu ba. A layin nan kafin azahar kowa zai ji cewa 'yar ƙanwar mai maɗaba'a ta yi alkawari ta saɓa. Daga ciki ina jin Alhaji yana cewa a ƙara girman lemon.

Dattijuwar nan tana inuwar shagon maƙwabta tana jiran mota, jakar cefanenta a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Ta gan ni da fanka.

"'Yar nan, ke ce mai tambaya ɗazu ko? Na ci ne ko na faɗi?"

"Kin faɗi, Baba."

"To mene ne in ba lemo ba?"

"Ruwan wanke masai ne. Asid. In ya taɓa hannu sai ya ƙona. Mako mai zuwa za ki gan shi a kanti da hoton lemo a jiki da hoton wani Alhaji yana murmushi. Kada ki bari ya shiga gidanki, kuma ki faɗa wa maƙwabta."

Ta waiwaya ta dubi ƙofar shagon.

"Asid. A gorar lemo."

"I."

"Da hoton lemo."

"Shi ake ƙara wa girma yanzu."

Motar da take jira ta zo ta tsaya, mai motar ya yi ta kira, ba ta ko waiwaya ba har ya gaji ya ja.

"Mai shi yana ciki?"

"Yana ciki. Mai farar hula."

Ta sunkuya ta ɗauki jakar cefanen ta rataya min a hannun da babu fanka. Ta gyara mayafinta.

"Riƙe min wannan," in ji ta, ta tura ƙofar shagon.